Tambaya da Amsa: Ziyarar Yini Guda Zuwa Kufan Biranen Maya

A wannan fitowa mun ware wasiƙu huɗu da suka shafi abu guda, wato ziyarar kufan biranen da al'ummar Maya suka gina a kudancin Meksiko da Gwatemala da maƙwabtansu. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Ina shirin kai iyalina hutun mako guda a Kankun da ke ƙasar Meksiko. Otal ɗin da muka kama ya aiko mana da tallan tafiye-tafiye na yini guda zuwa kufan Chichen Itza da na Tulum, tare da mota da ɗan jagora da abincin rana. Shin tafiyar ta cancanci kuɗin da wahalar? Kuma ɗan jagoran dole ne, ko za mu iya zagawa da kanmu? Daga wani magidanci mazaunin Houston, Amurka.

AMSA: Malam, tafiyar ta cancanta, kuma ina ba ka shawara ka ɗauki ɗan jagora, amma kada ka biya ko kwabo sai ka karanta jadawalin tafiyar daga farko har ƙarshe, domin a nan gizo ke saƙa. Daga Kankun zuwa Chichen Itza kimanin kilomita 200 ne, tafiyar awa biyu da rabi a babbar hanyar da ake biyan kuɗi kafin a bi ta. Idan ka haɗa da lokacin da babbar motar safa za ta ɓata tana bin otal-otal tana kwasar fasinjoji, da tsayawa a shagon kayan tsaraba, da wurin wanka, da abincin rana, da ɗan zagaye a garin Valladolid, za ka tarar yinin ya ci awa 12 ko fiye, alhali rabon kufan kansa sau da yawa ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Bayan haka, irin waɗannan motoci sukan isa ne da tsakar rana, lokacin da zafi ya ƙwalle, filin ba shi da inuwar kirki, kuma jama'a sun yi cunkoso, domin wuri ne da baƙi fiye da miliyan biyu ke ziyarta a shekara.

Ana buɗe ƙofa da ƙarfe 8 na safe, kuma wanda ya shiga a lokacin ya ga wani wuri dabam da wanda mai zuwa da azahar zai gani. Akwai abin da zai taimake ka a nan: agogon jihar da Kankun yake ciki yana gaban na jihar Yukatan, inda Chichen Itza take, da awa ɗaya, saboda haka wanda ya bar Kankun da ƙarfe 6:30 zai isa daidai lokacin buɗe ƙofa. Ka nemi kamfanin da ke tafiya da ƙaramar mota da mutane kaɗan, wanda ya rubuta ƙarara cewa kufan ne zangon farko. In kuma da hali, ku kwana a Valladolid, wanda ke da nisan kimanin kilomita 40 kacal daga wurin, ku yi sammako, ku ɗauki ɗan jagora a bakin ƙofa. Masu lasisi suna rataye da katin shaida na ma'aikatar yawon buɗe ido, kuma ana gama ciniki da su kafin a fara zagaye. Jirgin ƙasan Tren Maya, da aka fara aiki da shi a watan Disamba na 2023, shi ma yana da tasha kusa da wurin. Ka kuma tambayi kamfanin ko farashinsa ya ƙunshi kuɗin shiga duka biyu, domin akwai na hukumar tarayya mai kula da kayan tarihi, wato INAH, akwai kuma na gwamnatin jihar Yukatan, kuma an sha ganin baƙi sun iso ƙofa kafin su gano akwai sauran biya. Ka guji ranar Lahadi, domin 'yan ƙasa suna samun rangwamen shiga a ranar, cunkoson kan ƙaru.

Yanzu ga dalilin da ya sa na dage a kan ɗan jagora. Allunan bayani a wurin kaɗan ne, kuma abin da ya sa waɗannan gine-gine suka yi fice ba ya bayyana ga mai kallo da ido kawai. Ka ɗauki babbar dalar da ke tsakiyar fili, wadda ake kira El Castillo ko ɗakin bautar Kukulkan, abin bautarsu mai siffar maciji. Tsayinta kimanin mita 30 ne idan an haɗa da ɗakin da ke samanta, kuma wanda ba shi da jagora zai ɗauki hotonta ya wuce cikin minti biyar. Mai jagora kuwa zai ji cewa kowanne daga matakalunta huɗu yana da taki 91, kuma idan aka tara su aka haɗa da dandalin sama sai a sami 365, adadin kwanakin shekara. Zai ji cewa a shekarun 1930 masu tono sun gano wata tsohuwar dala a cikinta, da karagar dutse mai siffar damisa, an shafe ta da ja an yi mata ɗigo-ɗigo da koren dutse mai daraja. Za a tsayar da shi a gaban matakala a ce ya yi tafi, ya ji amon ya dawo masa kamar kukan tsuntsun ketsal, wanda Maya ke girmamawa. Za a kuma nuna masa gefen arewa, inda a ranakun da dare da rana ke daidaita, wajen 20 ga Maris da 22 ga Satumba, hasken la'asar ke zana siffar maciji yana gangarowa har ya haɗu da kan macijin dutse da ke ƙasa. Ba sai a ainihin ranar ba, ana ganin wannan kwanaki kaɗan kafin ta da bayanta, ba tare da turmutsutsun dubban mutane ba. An hana hawa dalar shekaru da dama yanzu, kuma ana cin tarar wanda ya ƙetare igiya, don haka ka ja kunnen yara tun a mota.

Daga nan sai filin ƙwallo, mafi girma a duk yankin, mai tsawon mita 168 da faɗin mita 70, da zobban dutse a can saman bango. Da kwatangwalo ake bugun ƙwallon, wadda aka yi da zallar roba mai nauyi. A jikin bangon akwai sassaƙen ɗan wasa da aka fille wa kai, jini na fita daga wuyansa cikin siffar macizai. A nan ne za ka auna jagoranka. Ka tambaye shi wa ake yankawa, wanda ya ci ko wanda aka cinye. Idan ya rantse maka cewa kyaftin ɗin waɗanda suka yi nasara ne, to yana ba ka labarin da baƙi ke son ji. Jagoran kirki zai gaya maka cewa sassaƙen bai yanke hukunci ba, kuma masana sun saɓa a kai. Haka nan duk wanda ya fara kawo maka zancen wasu halittu daga sararin samaniya da suka gina dalar, ka san cewa yana tauye haƙƙin mutanen da suka sare duwatsun nan ba tare da kayan aikin ƙarfe ba, suka ɗauko su ba tare da doki ko jaki ko amalanke ba.

Kada ka yarda a tsallake maka wurare biyu saboda sauri. Na farko shi ne babbar rijiyar hadaya. Arewacin Yukatan ƙasa ce ta dutsen farar ƙasa, ba ta da koguna a sarari, ruwanta yana ƙarƙashin ƙasa, sai inda rufin kogo ya rufta ake ganinsa, kuma irin wannan rami shi ake kira senote. Wannan na Chichen Itza faɗinsa kimanin mita 60 ne, kuma mutane sun riƙa zuwa daga nesa suna jefa kyautai a ciki don neman ruwan sama. Wani Ba'amurke mai suna Edward Thompson ya yashe shi tsakanin 1904 da 1910, ya fito da zinariya da duwatsu masu daraja da turare da ƙasusuwan mutane, har da na yara, ya aika da yawancinsu gidan tarihin Peabody na Jami'ar Harvard. Na biyu shi ne zagayayyen ginin da ake kira El Caracol, wanda tagoginsa ke fuskantar wuraren da tauraruwar Zara ke faɗuwa a lokuta na musamman. Yana can ɓangaren kudu, inda masu gaggawa ba sa kai wa.

Game da Tulum, yana kimanin kilomita 130 kudu da Kankun, ƙarami ne, kuma ya fi sauƙi ga mai ƙananan yara ko dattawa. Gari ne mai ganuwa a kan tsauni a bakin tekun Karibiyan, tashar fatauci ce da ta bunƙasa tsakanin ƙarni na 13 da na 15, kuma da mutanensa a ciki lokacin da jiragen ruwan Sifaniyawa suka gifta ta gabansa a 1518. Kyawunsa yana ga mazauninsa, amma gine-ginensa ba su kama ƙafar na Chichen Itza ba. Idan yini ɗaya kawai za ku iya bayarwa kuma yaran sun yi wayo, ku zaɓi Chichen Itza. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne haɗa manyan wurare biyu a rana guda. Ku riƙe ruwa mai yawa, da malafa ko laima, da takalmi mai daɗin tafiya, da 'yan canjin peso, kuɗin ƙasar, don tukwicin direba da jagora.

TAMBAYA: Mu Musulmi ne, kuma damuwata biyu ce: abincin da ake bayarwa a irin wannan tafiya, da kuma ko ya dace mu shiga wuraren da aka yi bautar gumaka. Daga wata uwa mazauniyar Toronto, Kanada.

AMSA: Hajiya, damuwarki a kan abinci tana kan hanya. Abincin da Yukatan ta fi alfahari da shi, wanda ake kira cochinita pibil, naman alade ne da ake gasawa a rami cikin ganyen ayaba, kuma da wuya a rasa shi a teburin abincin da kamfanonin nan ke shiryawa. Abin da ya fi ɓoyuwa shi ne kitsen alade, wanda suke kira manteca, domin ana sa shi a cikin dafaffen wake da kuma ƙullin masarar da ake turarawa cikin ganye, har mutum ya ci yana zaton ganye da hatsi kawai ya ci. Ki sanar da kamfanin tun lokacin biya, ki kuma sake gaya wa ɗan jagora da safe, ki roƙe shi ya tambayar muku masu girki. Gasasshen kifi da ƙwai da shinkafa fara da 'ya'yan itatuwa da wainar masara zalla su ne mafi aminci, kuma ba laifi ba ne ki yi guzuri daga otal. Wasu tafiye-tafiyen sun haɗa da ɗanɗana giyar tekila, wasu kuma da wani ɗan biki a shagon tsaraba inda mutum ke kewaye baƙi da hayaƙin turare da sunan sa albarka. Babu wanda zai tilasta muku, ku koma gefe cikin ladabi har a gama. Wanka a senote ma zaɓi ne, kuma maza da mata a haɗe suke, don haka ki san da wannan tun kafin ku isa.

Babu masallaci a wurin. Ku tafi da ƙaramar darduma, ku yi alwala a makewayin da ke bakin ƙofa, ku nemi wuri mai tsabta a wajen fili. Alƙibla daga can tana arewa maso gabas, kuma kuna da rangwamen matafiyi.

A kan shiga wurin kuwa, hukunci na malamai ne, kuma ya kyautu ki tuntuɓi malamin da kika amince da shi. Abin da zan iya cewa shi ne, waɗannan wurare an daina bauta a cikinsu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, hukuma ce ke riƙe da su a matsayin kayan tarihi, kuma aya ta 9 a Suratur Rum tana kiran mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi ƙarshen waɗanda suka gabace su, waɗanda suka fi su ƙarfi, suka nome ƙasa suka raya ta. Wanda ya shiga da wannan niyya, ya kuma yi wa 'ya'yansa bayani a kanta, ziyararsa ta bambanta da ta mai yawon nishaɗi kawai.

TAMBAYA: Na karanta cewa mutanen Maya sun ɓace ne farat ɗaya, babu wanda ya san inda suka shiga. Mene ne gaskiyar wannan magana? Daga wani ɗalibin tarihi a Zariya.

AMSA: Ɗan'uwa, maganar ba gaskiya ba ce, kuma tana cikin abubuwan da suka fi ɓata wa jikokinsu rai. Mutanen Maya suna nan da ransu. Fiye da mutum miliyan shida ne ke magana da harsunan Maya kimanin 30 a Meksiko da Gwatemala da Beliz da Honduras. Rigoberta Menchu, wadda ta sami lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 1992, 'yar ƙabilar K'iche' ce ta Gwatemala. Da yawa daga cikin 'yan jagora da direbobi da matan da ke sayar da riguna masu surfani a Chichen Itza daga ƙauyukan da ke kewaye suke, kuma da harshen Maya suke hira a tsakaninsu. Wannan ma wani dalili ne da ke sa ina son baƙo ya ɗauki jagora ɗan yankin, ya kuma sayi tsaraba daga hannun wadda ta ɗinka ta, maimakon babban shagon da direba ke da la'ada a ciki.

Abin da ya faru a tarihi shi ne watsewar wasu birane, kuma ba a rana ɗaya ba. Maya ba su taɓa zama daula guda ƙarƙashin sarki ɗaya ba. Birane ne masu cin gashin kansu, kowanne da sarkinsa, suna fatauci da auratayya da yaƙi da juna, kamar yadda Kano da Katsina da Zazzau da Gobir suka kasance kafin jihadi. Zamanin bunƙasar biranen Maya ya kama daga wajen shekara ta 250 zuwa ta 900 miladiyya. Manyan abokan gaba biyu su ne Tikal, a Gwatemala ta yau, da Calakmul, a Meksiko: an ci Tikal da yaƙi a 562, ita kuma ta rama a kan Calakmul a 695. A ƙarni na 9 biranen dazuzzukan kudu suka fara daina kafa duwatsun tarihin sarakuna ɗaya bayan ɗaya, jama'a suka riƙa ƙaura. Masana sun fi karkata ga haɗuwar dalilai: fari mai tsanani da ya yi ta maimaituwa, wanda aka ga alamunsa a lakar ƙasan tafkuna, da yawan jama'a, da sare dazuzzuka don noma da ƙona farar ƙasar shafe gini, da yaƙe-yaƙe, da zubewar martabar sarakunan da suka yi wa talakawa alkawarin ruwan sama suka kasa cikawa. Yawan jama'ar kuwa ba ƙarami ba ne: binciken da aka yi daga jirgin sama da hasken leza, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2018, ya gano gine-gine fiye da 60,000 a ƙarƙashin dajin arewacin Gwatemala. Amma a daidai lokacin da kudu ke durƙushewa, Uxmal da Chichen Itza a arewa suna tashe, kuma bayan su Mayapan ta karɓi ragama.

Babbar asarar ta zo ne da Sifaniyawa, da cututtukan da suka kawo da kuma ƙone ilimi. A watan Yuli na 1562 wani limamin coci mai suna Diego de Landa ya tara littattafan Maya a garin Mani ya cinna musu wuta, kuma a yau guda huɗu kacal suka rage a duniya, uku daga cikinsu a Dresden da Madrid da Faris. Wannan al'umma ce da ke da cikakken rubutu, da lissafi mai tushen 20 wanda ya san sifiri, da kalandar kwana 260 da ta kwana 365 masu tafiya tare. Rubutun ya zama a kulle har sai da wani masani ɗan Tarayyar Sobiyet, Yuri Knorozov, ya nuna a 1952 cewa yawancin alamomin gaɓoɓin furuci ne, kuma a shekarar ne masanin tono kayan tarihi Alberto Ruz ya buɗe a birnin Palenque na Meksiko kabarin sarki Pakal, wanda ya yi mulki daga 615 zuwa 683. Duk da haka Maya ba su miƙa wuya ga Sifaniyawa da sauƙi ba. Birninsu na ƙarshe mai 'yanci, Nojpeten, bai faɗi ba sai a 1697, kuma a 1847 suka tayar da gagarumin bore a Yukatan wanda sojojin Meksiko ba su ci hedkwatarsa ba sai a 1901.

TAMBAYA: Idan mutum zai taso daga Nijeriya musamman don ganin waɗannan wurare, yaya batun biza, kuma wane lokaci ne ya fi dacewa? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

AMSA: Alhaji, mai fasfon Nijeriya yana buƙatar biza, kuma Meksiko tana da ofishin jakadanci a Abuja. Ta daɗe tana ɗauke wa masu riƙe da ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada ko Birtaniya ko Japan ko ta Shengen wannan buƙata, amma dokokin shige da fice suna sauyawa, don haka ka tabbatar daga ofishin kafin ka yanki tikiti. Babu jirgi kai tsaye, sai an ya da zango a Turai ko Istanbul, kuma wasu filayen jiragen suna neman bizar wucewa.

Wanda ya yi wannan doguwar tafiya bai kamata ya tsaya ga yini guda daga Kankun ba. Ka sauka a Merida, babban birnin Yukatan, ka mai da shi masauki. Daga can Chichen Itza kimanin kilomita 120 ne, Uxmal kuma kimanin 80, kuma a ganina Uxmal ta fi kowane wuri a yankin kyawun sassaƙa, ga ƙarancin jama'a. Yankinta ba shi da senote, saboda haka mutanenta suka haƙa rumbunan tara ruwan sama a ƙarƙashin ƙasa, suka cika bangayensu da fuskokin Chaac, abin bautarsu na ruwa. Mai sha'awar daji kuma sai ya ƙetara Gwatemala, ya kwana a garin Flores, ya yi asubanci zuwa Tikal, inda ake hawa dogon gini na huɗu ta matakalar katako a hango kawunan sauran sun ɓullo ta saman itatuwa. Wannan ƙasa ce dabam mai dokokin shigarta, sai ka shirya mata tun daga gida.

Lokaci mafi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin rani mai ɗan sanyi, sai dai otal-otal kan yi tsada a makonnin Kirsimeti da sabuwar shekara. Afrilu da Mayu su ne mafi zafi. Daga Yuni zuwa Oktoba kuma damina ce da sauro, ga haɗarin mahaukaciyar guguwar teku har cikin Nuwamba, wadda ta fi yawa tsakanin Agusta da Oktoba, saboda haka idan tafiyarka ta faɗa cikin waɗannan watanni ka zaɓi tikiti da kamfanin da za su yarda a ɗaga rana ba tare da asarar kuɗi ba.